Ina jin bugun zuciyata a kunnen dama, in yi hoton ko in haƙura?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Tun bayan azumi nake jin fuu-fuu a kunnen dama, daidai da bugun zuciyata. In na danna gefen wuyana sai ya ɗauke, in na saki ya dawo. An auna jinina da hawan jini, duk lafiya. Likita ya ce wataƙila babbar jijiyar da ke sauko da jini daga kai ce ta hauro ta matso kunne, in yi hoton CT, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin kai. Kuɗin makarantar yara ne a hannuna. Ya zan yi?

Ɗan Kwari: Hawan jini ne, rage gishiri.

Maman Biyu: Malam, na ce fa an auna.

Hajiya Babba: 'Yata, ko me za ki yi, kar ki bari a zura miki komai a kunne. Ƙanena wani mai kemis ya haska masa, ya hango ja a bayan dodon kunne, ya ce maruru ne, ya tsira allura. Jini ya ɓalle, riga da matashin kai duk suka jiƙe kafin mu isa asibiti. Ashe jijiya ce, da ita aka haife shi. Har yau kunnen ba ya ji, mutumin kuma ko sannu.

Nas: Allah ya kyauta. Maman Biyu, jijiyar da likita ya faɗa miki ta fi girma a dama ga yawancin mutane, kuma da yawa tana haurowa ba su ma sani ba. Matsalar in ƙashin da ya raba ta da can cikin kunne ya yi siriri ko babu shi, sai a riƙa jin ƙara a kunne, wani har da jiri da raguwar ji. CT ne ke nuna ƙashin. Ki yi.

Ɗan Kwari: Dubu 60 na biya bara.

Abu Sadik: Wace 60? Da allurar da ake yi don jijiyoyi su fito a hoton, dubu 140 aka caje ni.

Gwauro: Ni ko zuciyata ba na ji, balle ta wani.

Abu Sadik: Nas ai ba likitan kunne ba ce. Ki tafi cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna.

Nas: Kai da kake likitan, me ka faɗa ban da farashi?

Hajiya Babba: Ku bar wannan. Me ya sa a asibitinmu kullum na'ura "ta lalace", amma a rubuto maka sunan wani wurin kuɗi a bayan takarda?

Ɗan Kwari: Kamasho mana, Hajiya. Ni har lambar mai wurin aka ba ni.