Neman shawara kan Marvel Snap: Killmonger yana rusa mini shiri

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu buga Marvel Snap, wasan katuna na waya da kwamfuta. Na gina katunana 12 a kan Ka-Zar, wanda yake ƙara wa katunan da farashinsu 1 ne ƙarfi, da Blue Marvel mai ƙara wa sauran duka, sannan in rufe da Onslaught, mai ninka tasirinsu a filinsa, a zagaye na 6, wato na ƙarshe. Sai dai da zarar abokin karawa ya sauke Killmonger, mai hallaka duk katunan da farashinsu 1 ne, ƙananan katunana su Ant-Man da Squirrel Girl sukan ɓace, in zauna ina kallon filayena wayam. Na gwada Armor, mai hana a hallaka katuna, amma fili ɗaya kaɗai take karewa. Shin in saka Cosmo, mai hana irin su Killmonger aiki idan an sauke su a filinsa, ko in riƙe ƙananan katunan har zagayen ƙarshe, in haƙura da Onslaught?