Me ya sa Yahudawa suke busa ƙahon rago?

Ɗan Tike, Jega:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni sana'ata raguna ce, a kasuwar Jega na tashi ina bin bayan babana da igiya. Jiya da daddare ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa: wani dattijo Bayahude, farin mayafi a ka, ya kafa ƙahon rago a gefen baki yana busawa, jama'a tsaye tsit, wasu har da hawaye. Abin ya tsaya mini a rai. Mu nan bayan Layya ƙaho juji yake tafiya. To su mene ne a cikinsa? Kuma don me sai na rago, alhali na shanu ya fi girma?

Malamin Tarihi, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunan ƙahon shofar, kuma babbar ranarsa ita ce sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, wadda ke faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba. Attaura ta kira ta ranar busa. A al'adar mafi yawansu sau 100 ake busawa a yini, sai in ranar ta faɗo Asabar, to ba a busawa.

Ragon kuwa, wanda ka sani ne. Suna tuna ragon da Allah Ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi. Su a wurinsu Ishaƙu ne ɗan, mu kuma sanannen zance a wurinmu Isma'ila ne. A littafinsu an ce Ibrahim ya ɗaga kai ya ga rago ƙahonsa ya sarƙe a cikin kurmi. Shi ya sa ƙahon ya zama abin tuni, kamar suna roƙon Allah Ya dubi biyayyar kakansu Ya ji ƙansu.

Na shanu kam malamansu sun hana, kuma dalilin ya daɗe yana burge ni: ɗan maraƙin zinariya da kakanninsu suka bauta wa lokacin da Annabi Musa yake kan dutse. Suka ce mai ƙararka ba ya zama mai kare ka, ba za ka je neman gafara riƙe da abin da ke tuna laifinka ba. Sun kuma fi son ƙaho lanƙwasasshe, don zuciya ta rusuna kamar yadda ya rusuna.

Ka sake sauraren bidiyon, busar iri uku ce. Akwai doguwa miƙaƙƙiya, tekiya. Akwai mai karyewa gida uku kamar nishi, shebarim. Sai gajejjeru tara a jere kamar shessheƙar kuka, teruwa. Hawayen da ka gani daga nan suke. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya fassara busar da cewa kira ne ga masu barci su farka, su binciki ayyukansu, su tuba. Daga Rosh Hashana kwana 10 ne na tuba, har zuwa ranar azuminsu, Yom Kippur, wadda ake rufewa da doguwar busa.

Maman Rahila, Zuru:
Malam ya gama magana, ƙari kaɗan zan yi daga abin da muke karantawa a coci. A Littafin Fitowa, ranar da Allah ya sauko bisa Dutsen Sinai an ji ƙarar ƙaho tana ta ƙaruwa, mutane suna rawar jiki. A Yariko ma firistoci 7 ne da ƙaho 7 suka zaga garin har ganuwa ta faɗi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na kowace shekara ta 50 a dokar Musa: in aka busa, bawa ya koma gidansu, wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado ta dawo masa. Duk wanda gidansu suka taɓa jinginar da gona ya san nauyin wannan.

Almajirin Gwandu:
Jama'a, mu ma ƙahon nan ya shigo tarihinmu. A Madina, kafin a fara kiran salla, sahabbai sun yi shawara, wasu suka ce a yi ƙararrawa irin ta Nasara, wasu suka ce ƙaho irin na Yahudu. Ba a ɗauki ko ɗaya ba, aka umurci Bilal ya yi kira da murya. Yana cikin Buhari da Muslim. Ke nan Yahudawan Madina ma an san su da shi tun wancan lokaci. Amma ɗan'uwa, sani muke nema, ba kwaikwayo ba. Ƙahon da ke gabanmu na Mala'ika Israfilu ne.

Ɗan Tike, Jega:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Mama, na gode, zancen gonar nan ya shige ni, don tamu ta fadama haka ta tafi ina ɗan shekara 12. Ɗazu na je wurin mahauta na karɓi ƙahon wani balami na duba. Ashe cikinsa ƙashi ne cunkus, Sarkin Fawa ya ce sai an dafa kafin ya zare, tsinin kuma toshe yake, sai an yanke an huda. Malam, dattijon cikin bidiyon da kansa yake wannan aikin, ko suna da masu sana'arsa daban?