Ɗan yayana ya daina riƙe karatu tun daren da aka shiga garinsu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema kan ɗan yayana, shekararsa 12. Ƙauyensu na wajen Gabi, cikin Madarunfa. Bara da damina ƴan bindiga suka shiga garin cikin dare suka tafi da mahaifinsa, shi kuwa yaron ƙarƙashin rumbu ya kwana yana jin komai. An sako uban bayan biyan kuɗin fansa, alhamdulillahi, amma muka ga gara yaron ya dawo wurina nan unguwar Zariya a Maraɗi.

Da izu goma a ka ya zo. Yanzu sai ya ɗauko sura ya tsaya a tsakiya yana kallon allo. In ba shi dala ashirin in ce sukari da magi, ya je bakin kanti ya yi tsaye, ya dawo ya ce, "Gwaggo, me kika ce ma?" Mushensu, wato malaminsu na CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya ce darasin safe ba ya kai yamma a kansa, har ya fara sa masa bulala. Abin da ke ɗaure mini kai, bai manta warin fetur na daren nan ba, bai manta muryar wanda ya daki ƙofa ba. Ɗan kabu-kabu ya wuce da dare sai ya zabura yana haki. Ga fitsarin kwance da ya dawo. Kakarsa ta ce iska ce. Ni dai na rasa yadda zan yi.

Wani ma'aikacin lafiya: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ya yi kama da ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, tunda alamomin sun wuce wata guda da nisa. Ba lallai ƙwaƙwalwarsa ta lalace ba, gadi take yi dare da rana. Jikin da ke cikin tsoro yana ta zuba sinadaran kortizol da adirenalin, hankali ya koma kan ƙarar babur da motsin ƙofa. Abin da mushe ya faɗa bai ma shiga ba, balle a ce an manta shi. Sannan karatun rana a cikin barci yake zama, yaro kamarsa na bukatar awa 9 zuwa 12, shi kuwa mafarki na tashinsa. Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su duba ko an buge shi a kai daren nan, ko yana suma ko farfaɗiya, su auna jini. Daga nan ki nemi a tura ku wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Maganin zama ne da ƙwararre, mako-mako, ke ma kina ciki, ana koya masa kwantar da jikinsa kafin a taɓo labarin. A gida kada a matsa masa ya faɗa, in ya fara da kansa ki saurara.

Wani ɗan kasuwa: Akwai ƙwayar barci wurin masu tallar magani, rabi ya ishe shi ya yi barci har safe.

Ma'aikacin lafiyar: Alhaji don Allah a'a. Yawanci diyazefam ce, ita kanta tana kawo mantuwa kuma jiki na sabawa da ita. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi likitoci kan saurin ba da irinta bayan tashin hankali, har ga yara.

Wata malamar firamare: Yaya, ki je lakkwal da ƙafarki, ba aike ba. Tun 2019 da mutanen Sakkwato da Zamfara suka fara tsallakowa wajen Gidan Rumji nake samun irin waɗannan yara a aji. Akwai wata yarinya da na zaunar a bencin gaba inda take hangen ƙofa, nan ne kawai take iya sauraro. Ki roƙi mushe ya ajiye bulalar, kowane duka komar da shi ƙarƙashin rumbun nan yake. Aike kuma abu ɗaya ɗaya, ya maimaita miki da bakinsa, ko ki rubuta masa a kaye. In ya jiƙe shimfiɗa ku wanke shiru, kada yaran gida su ji.

Wani malamin allo: Addu'a da asibiti ba sa faɗa, ki gaya wa kakar haka cikin ladabi. Ta tofa masa Falaƙi da Nasi ya kwanta kusa da ita. Haddar kuma a dakatar da ƙari, a koma tilawar ƙananan surori, aya uku bayan asuba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira yayana yanzu, ya ce da safiyar ranar an ga jini a ƙeyar yaron, sun ɗauka itacen rumbu ne ya karce shi, ba a kai shi ko'ina ba. Litinin in sha Allah za mu je CSI, daga can in wuce wurin mushe.