Injin aikina ya tsufa: Mac Studio zan ɗauka ko Threadripper?

Maizanen Gini:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da Revit nake zanen gine-gine, in na gama sai in fitar da hoton ginin a Blender. Injina tsohuwar kwamfuta ce mai furosesar Xeon da katin hoto na Quadro, Windows 11 kuwa ta ƙi hawa kansa, wai furosesarsa ba ta cikin jerin da Microsoft ta yarda da su. Ga shi an daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Na duba sababbin katuna, ko sunan Quadro ban gani ba. Wani abokin aiki sai zuga ni yake in ɗauki Mac Studio, kwamfutar Apple, wai ba ƙara ba zafi. Ku da kuka riga ni shiga harkar, ina zan dosa?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, bar batun inji tukuna, Revit ce za ta yanke maka hukunci. Windows kaɗai take yi, a kan Mac sai ka yi ta dabaru. Quadro kuma bai mutu ba, suna Nvidia ta sauya masa a 2020 da ta fito da RTX A6000 mai ƙwaƙwalwa 48GB.

Abin da ya raba ni da Apple shi ne, tun da suka koma furosesarsu ta M1 a 2020, ƙwaƙwalwar a manne take, abin da ka saya shi za ka mutu da shi. Mac Pro na 2019 yana ɗaukar har 1.5TB. Na 2023 mai M2 Ultra a 192GB ya tsaya, kuma ba a sa masa katin hoto na wani kamfani. Mai aiki da Blender kuwa ya fi samun sauri da OptiX, fasahar hanzarta fitar da hoto ta katunan Nvidia.

Mai Tace Bidiyo:
Yallabai Tsohon Hannu, a yi wa Mac adalci. Ni da DaVinci Resolve nake aiki a Mac Studio, ina jan bidiyo mai nauyi ko fankarsa ba na ji. Amma ga mai Revit, na yarda da kai. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma manhajojin ne. Adobe ta koma haya a 2013, Autodesk mai Revit ta daina sayar da lasisin dindindin a 2016. Ka sayi inji, manhajar kuma ka yi ta biya duk shekara.

Ɗan Gyara:
Kada yawan ƙwayoyin aiki (cores) na furosesa ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Furosesar AMD ta Threadripper Pro 7995WX ta 2023 tana da ƙwaya 96, amma yawancin aikin Revit kan ƙwaya ɗaya yake tafiya, sauran suna zaune. Nemi furosesa mai saurin bugu, RAM 64GB, ragowar kuɗin ka zuba a kati. Ko RTX 4090 mai 24GB ya ishi Blender, sai dai in ginin naka ya cika ƙwaƙwalwar katin.

Maizanen Gini:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ɗan Gyara, to katin wasanni irin 4090 zai jure a bar shi yana aiki dare har safiya, ko sai na 'yan sana'a?