Ina tuje ya shiga ne?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu sanin daji. Mahaifinmu mutumin Ɓaɓura ne, yakan ce a da in ka yi sammakon gona bayan girbi sai ka hangi tuje yana takawa cikin ciyawa, wuya a miƙe, in ka matso ya sheƙa da gudu kafin ya tashi. Ni duk zuwan da nake yi garin ko gashinsa ban taɓa tsinta ba, yarana kuwa sunan ma ba su sani ba. Abin yana damuna. Ƙarewa ya yi ko ƙaura?

Tsohon Mafarauci: Wa alaikumus salam ɗana. Tuje tsuntsun fili ne, ba ya sheƙa a bishiya. Macen takan ɗan share ƙasa a gindin ciyawa ta saka ƙwai ɗaya ko biyu, shi ke nan. To yau ina filin? An nome makiyaya, an nome burtali, ɗan abin da ya rage dabbobi sun yi masa yawa. Ƙwan nan ko saniya ta taka, ko kare ya sha, ko yaro ya kai gida. Ga masu farauta da mota, su tuje ba ya tsere musu. Mai ƙwai biyu ina zai jure wannan?

Badamagare a Fagge: Gaskiya ne Baba. A wajenmu Nijar har yanzu akwai shi can wajen Termit, inda gwamnati ta keɓe daji a 2012. Amma Larabawan da ke zuwa farauta da shaho sun rage shi ƙwarai. Jimina kuwa sai da ta kai ana kiwonta a killace a Kelle don kada irin ya ɓace.

Malama daga Gwale: Malam, mu duba cikin gari ma. Yaushe rabonka da ganin ungulu a kwata? Tun 2015 aka saka ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma har gobe ana sayar da kanta wajen 'yan magani. Ni ina nuna wa ɗalibaina hotunansu a waya. Ka roƙi mai garinku ya hana ɗaukar ƙwai da damina, a kuma daina cinna wa daji wuta.

Ɗan Kurna: Na gode Baba, na gode Malama. In na je gida da sallah zan sami mai gari da sarkin baka mu yi maganar, in sha Allahu.