Wai me Kanu ya yi wa Arsenal da har yau iyayenmu ba su daina zancensa ba?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga yayyenmu da iyayenmu magoya bayan Arsenal. Ni na taso ne na tarar mahaifina yana goyon bayan ƙungiyar, kuma duk lokacin da aka tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce, wato Nwankwo Kanu. Har yanzu yana ajiye da wata tsohuwar riga mai lamba 25 a ƙasan akwatinsa, wadda ba ya bari kowa ya saka. Da na bincika sai na ga ƙwallo 44 Kanu ya ci wa Arsenal a wasa 197, tsakanin 1999 da 2004, kuma a kusan rabin wasannin daga benci yake tasowa. A ganina wannan adadi bai kai yadda ake kambama shi ba, musamman idan aka kwatanta shi da Thierry Henry da suka yi zamani tare. Ba da raini nake tambaya ba. Ina so waɗanda suka kalle shi da idonsu su faɗa mini abin da lissafi bai nuna mini ba.

Baban Khalifa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka tana kan hanya, kuma zan amsa maka da wasa guda ɗaya, domin shi ne ya mayar da ni ɗan Arsenal. Ranar Asabar ce, 23 ga Oktoba, 1999, Arsenal ta je Stamford Bridge, filin Chelsea. A lokacin Chelsea tana tashe, makonni uku kafin nan ta lallasa Manchester United da ci 5 da nema. Muna zaune a gidan kallo a kan bencin katako, talabijin ɗaya ce ƙarama an ɗora ta a kan tebur, ga ƙarar janareta a bayan ɗaki. Tore Andre Flo ya ci wa Chelsea, Dan Petrescu ya ƙara, duka biyun da ka, ruwan sama kuma yana zuba a filin kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fara tashi suna fita, har wanda ke kusa da ni ya ce mini in zo mu tafi, kuɗinmu ya riga ya halaka.

A minti na 75 Kanu ya farke ɗaya, a na 83 ya farke ta biyu, waɗanda suka fita suka riƙa dawowa da gudu. Ta ukun ce ba zan manta ba har in koma ga Allah. Lokaci ya cika, Kanu ya tare ƙwallon da Albert Ferrer ya so ya fitar, ta gangara can gefen hagu dab da layin ƙarshe. Mai tsaron gida Ed de Goey ya baro ragarsa ya biyo shi. Kanu ya yanke shi a kan layin, a wurin da bai fi faɗin tabarma ba, alhali Marcel Desailly da Frank Leboeuf, waɗanda suka ɗauki kofin duniya da Faransa a 1998, suna tsaye a bakin raga. Duk wanda ke ɗakin nan ya ɗauka zai miƙa wa wani ne. Sai ya ɗaga ta daga wannan lungu ta wuce saman kawunansu ta faɗa can kusurwar raga. Bencin da muke kai ya kife, ban san lokacin da na rungume wani dattijo da ban taɓa gani ba.

Abin da lissafi ba zai gaya maka ba shi ne natsuwarsa. Dogo ne sosai, ya kusa mita biyu, kuma idan yana tafiya da ƙwallo sai ka rantse gajiya ce ta kama shi. Amma ba ya gaggawa ko da mutum uku sun kewaye shi, yana jira ne abokin karawa ya fara motsi, sannan ya bi ta inda ya bari. Ka nemi ƙwallon da ya ci Middlesbrough da dunduniya a wasan da aka tashi 6 da 1, da wadda ya ci Deportivo a 2000, inda ya kwantar da mai tsaron gida ba tare da ya taɓa ƙwallon ba.

Hajiya ta Tudun Wada ta amsa:

Ɗana, ni ba gwanar ƙwallo ba ce, amma na san dalilin da ya sa maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ƙaunaci yaron nan, kuma ina jin irin dalilin mahaifinka ne. Soyayyar ta girmi zuwansa Arsenal. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Brazil tana cin Najeriya 3 da 1, Victor Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, sannan ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Cikin dare ne, amma unguwarmu kaf ta fito titi. Bayan 'yan makonni sai labari ya zo cewa likitocin ƙungiyarsa ta Inter Milan sun gano yana da ciwon zuciya, aka kai shi Cleveland a Amurka aka yi masa tiyata. Na ji da kunnena ana yi masa addu'a a zauren gidanmu, ba wanda ya damu da cewa daga Owerri ya fito ko wane addini yake bi. Saboda haka da Arsene Wenger, kocin Arsenal na lokacin, ya ɗauko shi a 1999, mutanenmu sun ɗauka an yi wa ɗansu halacci ne, suka bi shi can. Daga baya kuma ya kafa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin yi wa yara marasa galihu aikin zuciya, wanda a wurina ya fi duk ƙwallayen nauyi.

Na Sabon Gari ya amsa:

Yaya Baban Khalifa, ka fama mini tsohon miki, domin ni ɗan Chelsea ne kuma wasan nan ya hana ni cin abincin dare. Duk da haka ina ganin ya kamata a gaya wa yaron nan gaskiya, cewa lissafinsa ma yana da hujja. Kanu bai taɓa zama ginshiƙin Arsenal kamar Henry ko Dennis Bergkamp ba, kuma a kakar 2003 zuwa 2004 da ƙungiyar ta ɗauki Firimiya ba tare da an doke ta ba, ba kasafai ake saka shi ba. Akwai ranakun da za ka kalle shi har a tashi ba ka ga abin da ya tsinana ba. Mu ma a nan gida mun yi kuka da shi ranar da ya zubar da fenareti a wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kamaru a Legas, a shekarar 2000. Inda na sallama masa shi ne bayan ya bar Arsenal, lokacin da kowa ya ce ya ƙare. A 2008 shi ya ci wa Portsmouth ƙwallo ɗaya tilo a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, shi ya sake cin ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Cardiff a Wembley.

Ɗan Kurna ya sake rubutawa:

Na gode, Baba da Hajiya da Yaya. Jiya da daddare na kunna wa mahaifina ƙwallo ta uku ta Stamford Bridge a wayata. Ya sa na maimaita masa ita sau huɗu, kuma duk lokacin da de Goey ya fito sai ya ɗaga hannu ya ce in lura da ƙafar Kanu, kada in kalli ƙwallon. Daga nan ya tashi ya buɗe akwati ya ɗauko rigar, ya ce in gwada ya gani ko ta yi mini.