Shin duƙufa ga ibada na iya rufe mana ido ga mabukaci?

Mai Neman Sani:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. A shekarar 1999 wasu masana biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka wani mai shigar goggon biri ya ratsa tsakaninsu, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Idan haka hankalin ɗan Adam yake, shin mai bi da ya duƙufa ga hidimar ikilisiya ba zai iya wuce mabukaci bai lura ba?

Malamin Lahadi:
Zai iya ƙwarai, ɗan'uwa. A wani bincike da suka wallafa a 1973, John Darley da Daniel Batson sun gwada ɗaliban tauhidi a Princeton: aka tura su wani gini su yi jawabi, wasunsu ma a kan misalin Basamariye mai tausayi, alhali an ajiye mutum a hanya kamar marar lafiya. Cikin waɗanda aka gaya wa sun makara, ɗaya bisa goma ne kawai suka taimaka masa.

Dattijo:
Malam, gaggawa tana da nata laifin, amma kada mu ba firist da Balawen (mai hidima a Haikali) nan na misalin Basamariyen, waɗanda suka wuce mutumin da aka yi wa rauni a hanya, uzurin da Littafi Mai Tsarki bai ba su ba. Luka 10 ya faɗa a fili cewa kowannensu ya ga mutumin kafin ya kauce. Basamariyen ma ya gani, sai dai ganinsa ya zo da tausayi, shi ya sa ya lura da raunukan da ke bukatar mai da ruwan inabi. Abin da zuciya ta riga ta ɗauka da muhimmanci, a kansa ido yake tsayawa.

'Yar'uwa cikin Almasihu:
Baba, na yarda, sai dai akwai rashin gani na gaskiya wanda ba taurin zuciya ya kawo shi ba. A Farawa 21, Hajaratu ta ajiye ɗanta ƙarƙashin wani ɗan itace tana kuka domin ruwa ya ƙare, har sai da Allah ya buɗe idanunta ta ga rijiya. Nassin bai ce a lokacin aka haƙa ta ba. A fahimtata baƙin ciki ne ya cinye hankalinta duka. Irin wannan mutum ba tsawatawa yake bukata ba, yana bukatar wanda zai nuna masa inda ruwan yake.